Jakuna Uku a Hanyar Danko

Littafin ba shi da bango. Wani tsohon soja ne ya dawo da shi daga yaƙin Bama a ƙasan akwatinsa, ya rasa yadda zai yi da shi tunda ba ya karatu, sai ya kawo wa malaminmu na aji biyar. Malam ya yi masa riga da takardar buhun siminti, ya ɗinke bayansa da zare. Labarin waɗansu Turawan da ne da suka shiga jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa, suka yi wata da watanni a kan teku suna neman wani tsibiri. Mu yaran Zuru na wancan lokaci, shekarun alif ɗari tara da hamsin, kafin a ba mu mulkin kai, babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi rafin bayan gari idan ya kawo da damina. Duk da haka ranar Alhamis ba mai fashin makaranta ko da zazzaɓi yake yi, domin a darasin ƙarshe Malam yakan fitar da mu gindin maɗaci ya buɗe littafin nan.

Yadda yake yi shi ne ya karanta layi biyu ko uku da Turanci, ya gaya mana ma'anar a dunƙule, sa'an nan ya ce mu nemo masa Hausar da ta fi dacewa. Malam mutumin Argungu ne, ba ya son Hausar kasala. In ka ba shi kalmar da ta yi kusa amma ba ta zauna daidai ba, sai ya karkatar da kai ya yi shiru har ka ji kunya ka sake nema. Da damina ta yi nisa sai labari ya zo cewa za a yi masa canji bayan kaka. Ranar da ya tabbatar mana da haka, ya ɗaga littafin ya ce ba zai tafi da shi ba, zai bar wa wanda ya fi kowa iya mayar da shi Hausa. Tun daga wannan rana na ɗauki littafin a matsayin nawa, Malam ajiya kawai yake yi mini.

Ina da dalilina. Mahaifina ɗan koli ne, Bakabe, ya gangaro Zuru da allura da madubi da kwalli yana bin kasuwannin Danko da Kanya da Bena har ya yi gida ya zauna. A hannun kakata na tashi, tsohuwar da ba ta taɓa kiran abu da sunan maƙwabcinsa ba. In ka ce mata kaza ta gudu, sai ta tambaye ka sheƙawa ta yi ko sulalewa. Na shiga makaranta da bakin tsofaffi, na kuma san haka, ban ɓoye wa kowa ba. A benci na farko nake zama, dab da allo, ina karatu hancina na gogar takarda, har yara suka ce ni sansanar littafi nake yi ba karantawa ba. Ban damu ba. Na ɗauka ƙyashi ne, domin a lokacin duk wanda ya taɓa ni ƙyashi ne ke damunsa.

Littafin kuwa kamar don ni aka rubuta shi, saboda rabinsa maganar ido ce. Akwai mutumin da ba shi da aiki sai hawa ƙololuwar dogon itacen da ke tsakiyar jirgi, ya zauna cikin wani ɗan kwando kamar mai gadin birai a gonar dawa, yana duban ruwa daga safe har yamma. Shugaban jirgi yana da madubi dogo kamar sarewa da yake karawa a ido ɗaya. Kowane shafi sai wani ya ga wani abu, ko gajimare, ko tsuntsu, ko hayaƙi, ko jirgin abokan gaba. Malam zai ce mai gadi ya ga ƙasa, ya tambaya wane irin gani ne. Kafin kowa ya buɗe baki na miƙe. Hangowa ya yi, Malam. In kuwa da ƙyar ne, tsinkayowa ya yi. In ba zato ne, ƙyalla ido ya yi. Wanda ya laɓe bayan ganga leƙe yake yi, shugaba ƙura wa taswira ido yake, mai mugun nufi kuwa ba ya duban mutum sai da wutsiyar ido. Malam ya gyaɗa kai ya ce madalla, ni kuma in zauna a hankali don kowa ya samu damar kallona.

A benci na ƙarshe akwai wani yaro Badakkare da muke kira ɗan soja. Rabin ajin 'ya'yan soja ne, amma shi a bariki aka haife shi, shi ya sa sunan ya bi shi. Gidansu na gindin dutse, ranar Lahadi suna zuwa coci, sauran ranaku in an tashi makaranta yana bin awakin ubansa. Hausarsa ta bariki ce, wadda ya tsinta a bakin sojoji. Mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa, duk abin da ido ya yi kuma "gani" ne, ba hange ba leƙe. Ni na fi kowa yi masa dariya. Ba gaba muke ba, hanyarmu ta komawa gida ma ɗaya ce har mararrabar kasuwa. Yakan ba ni dafaffiyar gyaɗa daga aljihunsa, ni kuma in gyara masa Hausa ko bai tambaya ba. Ban taɓa sa shi cikin masu neman littafi ba.

Sai ranar da aka zo inda mai gadi ya hango wani jirgi tafe. Littafin ya ce ƙyallen da ke can saman jirgin ya fara gani, daga baya gangar jikin ta bayyana. Malam ya tambaya me ya sa haka. Na miƙe na jero masa kalmomi, ɓullowa da kunno kai da bayyana, ya ce ya ji, amma ba abin da ya tambaya ba ke nan. Can daga baya ɗan soja ya ɗaga hannu, abin da bai saba ba. Ya ce in yana kan dutsensu da safe fatake na zuwa ta hanyar Danko, kayan da ke kansu yake fara gani, sai kai, sai kafaɗa, ƙafa kuwa sai a ƙarshe, domin akwai tudu a tsakani.

"Ruwa ma yana da tudu ke nan, Malam," in ji shi.

Malam ya rufe littafin a kan yatsansa ya dube shi. Ni na san kallon madalla, kullum ina samunsa. Wannan wani kallo ne daban, irin wanda mutum ke yi wa abin da ya tsinta a hanya bai yi tsammani ba. Ya shiga yi mana bayanin yadda duniya take a dunƙule kamar lemo, ni ko kalma ɗaya ban ji ba. Hankalina duk yana bencin baya. Ƙyashi ne tsagwaronsa, ba kuwa zan sauya masa suna yanzu don na tsufa ba.

Daga nan abu ya lalace mini. Duk Alhamis in na gama kawo kalma, Malam sai ya ɗaga kai ya nemi bencin baya ya ce, "Ɗan soja, kai mi kag gani?" Shi kuma ya tashi yana sosa ƙeya ya ce tsuntsu in yana tafiya da yamma gida ya nufa, don haka ƙasa tana wajen. Ko ya ce hayaƙin girki tsaye yake tashi siriri, na ƙunar daji kuwa kwanciya yake yi. Duk da wannan Hausa tasa mai ɗingishi. Nakan bari sai ya kai tsakiyar magana in ce da ƙarfi "ta" ake cewa ba "ya" ba, har ranar da Malam ya ce in zauna in bar mutum ya ƙarasa. A gaban kowa ya faɗa. Na daina karɓar gyaɗar ɗan soja. In ya miƙo sai in ce na ƙoshi, alhali cikina na kuka.

A gida ma ban iya ɓoyewa ba. Na ture tuwo, Kaka ta leƙo fuskata ta ce, "Mai gidana, wa yat taɓa ka? Ko an amshe maka budurwa?" Na ce mata wani yaro ne wanda bai san mace da namiji ba a magana yake so ya raba ni da littafina. Ta tambaya ko an riga an ba ni littafin. Na ce tukuna. Ta ce to in ci tuwona, wanda shi an riga an ba ni.

A nan zan faɗi abin da ni kaina ban sani ba a lokacin. Idona gajere ne tun haihuwa. Abin da ya wuce taku goma ba na ganinsa sai dishi-dishi, launi kawai da motsi. Ban san ciwo ne ba, na ɗauka haka Allah Ya yi wa kowa duniya, kusa a fili, nesa a dame kamar kunu. Duwatsun da suka kewaye garinmu a wurina wani shuɗin tabo ne a gefen sama. Saboda haka na yi wa kalmar hange fassarar kaina. In Kaka na zaune a ƙofar gida ta ce ta hango Baba tafe, na ɗauka auna abin ta yi a ranta: yau kasuwar Kanya ce, rana ta karkata, jakinsa ba ya sauri, to wancan duhun mai motsi shi ne. Ni ma haka nake gane mutane, da irin tafiyarsu da launin rigarsu da lokacin da suka saba wucewa, na kuwa ƙware har ba wanda ya taɓa lura. Hange a wurina kintace ne na masu wayo. Mai gadin jirgin nan ma na ɗauka gwanin kintace ne, shi ya sa ake ciyar da shi ba ya taɓa igiya.

Wata Alhamis Malam ya tambaya mene ne bambancin gani da hange. Na ga dama ta samu, na miƙe na ce gani da ido ake yinsa, hange kuwa da hankali. Malam ya yi murmushi. Ya zaci hangen nesa irin na dattawa nake nufi, ya ce magana ce ta manya, washegari ma ya rubuta ta a allo don a kwafa. Da ya tambaye ni misali ɗaya, da asirina ya tonu tun ranar, cikin sauƙi. Bai tambaya ba, ni kuma na ƙara tabbata cewa ni ke da gaskiya. Tunda hange kintace ne, to duk abin da ɗan soja ke cewa yana gani daga kan dutse kintace ne ya sa masa rigar gani don ya burge Malam. Na ji daɗin wannan tunani ƙwarai, na riƙe shi ina jiran rana.

Ranar ta zo da aka karanta inda mai gadi ya ƙirga mutanen da ke kan jirgin abokan gaba tun suna nesa. Malam ya tambaya ko hakan zai yiwu. Ɗan soja ya ce zai yiwu, shi ma daga kan dutse yana ƙirga awakin ubansa a bakin rafi, har yana gane mai ɗingishi a cikinsu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ƙarya ta, Malam," na ce. "Babu mai ganin akuya daga bisa dutse. Kintace shika yi, shi ce gani."

Aji ya ɗauki guna-guni. Kiran mutum maƙaryaci a gaban Malam ba ƙaramin abu ba ne, balle ɗan gidan soja. Ɗan soja bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, ya ce, "Ina gani." Malam ya daɗe yana dubanmu, ni da shi, sa'an nan ya ce ba za a yi gardama a gindin maɗaci ba, jibi da safe dukanmu za mu hau dutsen a gani. Na koma gida ina tsalle, har na cinye tuwona na nemi ƙari.

Ranar an yi ruwa da asuba, irin na ƙarshen damina, gari ya wanku. Muka bi ta cikin gonakin Dakarkari da ke hawa dutse daki-daki, dawa ta fitar da kai, muka ratsa bayan rumbunan gidan su ɗan soja, uwarsa ta ba mu ruwa a ƙwarya. A can sama akwai wani fa mai faɗi da zai ɗauki ajin duka. Malam ya ce wannan shi ne jirginmu, ɗan soja ne mai gadi, ya faɗi abin da ke tafe. Ɗan soja ya matsa baki-baki, ya kare rana da tafin hannu, bai ko daɗe ba.

"Jaki uku yana zuwa a hanyar Danko," ya ce. "Biyu da kaya, ɗaya babu. Mutum yana bayansu da malafa."

Na dubi inda ya nuna. Kore ne da ƙasa-ƙasa sun cakuɗe, ba hanya ba jaki. Na yi dariya na ce duk wanda ya san gobe kasuwa zai iya faɗin haka, me ya hana ya ce biyar. Malam ya juya wajen sauran yara. Ya kira wani yaro, yaron ya duba ya ce uku ne, marar kayan fari ne. Ya kira wani, ya ce mai malafar ya tsaya yana gyara igiya. Haka aka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, har daƙiƙin ajinmu wanda ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba, shi ma ya zo ya ce farin jakin ya ratse yana cin dawar mutane. Suka kwashe da dariya gaba ɗaya, lokaci guda, suna nuna wuri guda. Na ce haɗa baki suka yi, tun jiya suka shirya don su kunyata ni. Na kuma yarda da abin da nake faɗa.

Malam ya yafito ni. Ya dafa kafaɗata ya juya ni wajen wata ɗorawa da ke ƙasa da mu kaɗan, ya ce, "Iccen can, mi kaka gani gare shi?" Na ce kore. Ya ce ganye fa. Na ce ai ba a ganin ganye sai an je gindin itace, kowa ya san haka. Sai dariyar ta ɗauke. Na fi son su ci gaba da ita, domin shirun da ya biyo baya ya fi ta ciwo.

Malam yana sa wani tabarau mai kauri, ƙafarsa ɗaya a ɗaure da zare. Ya cire shi, ya goge da bakin rigarsa, ya ɗora mini a hanci, ya riƙe da yatsa don ya yi mini yawa.

Ɗorawar nan ashe ganye gare ta, dubbai, kowanne da gefensa, iska na juya su ɗaya-ɗaya. Bayanta ga hanya kwance kamar an yar da igiya, ga jakuna uku, biyu da kaya, ga farin can a bakin gona, ga mai malafa ya bi shi da sanda. Na ga jinkayen garinmu kowace da tsininta. Na ga tsamiyar ƙofar gidanmu, na ga shirwa tana shawagi har da tsagin fikafikanta. Na juya na ga fuskokin 'yan ajinmu. Ban san ana ganin abin da ke fuskar mutum daga nesa ba, na ɗauka sai an matso. Ashe duk hararar da na yi ta aika wa bencin baya tana isa. Can a bakin fa ɗan soja na tsaye yana kallona, tausayi ne ƙarara a fuskarsa.

Duk wanda na ba wannan labari yakan jira in ce na yi kukan murna. Ban yi murna ba ko kaɗan. Wani irin baƙin ciki ne ya taso mini. Shekara goma sha biyu mutanen nan suna da wannan abu kullum, kyauta, daga buɗe ido da safe, ba wanda ya taɓa gaya mini. Daƙiƙin ajinmu yana da shi. Kaka da ba ta da haƙori ko ɗaya tana da shi. Awakin da na ce ba a gani su ma suna da shi. Shi kuwa ɗan soja har da dutse a bayan gidansu, ya hau duk lokacin da ya ga dama. Kalmomin da nake taƙama da su ashe sunayen kayan gidan wasu ne na haddace. Na ji ina ƙyashin kowa da kowa a kan dutsen nan, na fi jin na wanda bai taɓa yi mini komai ba sai ba ni gyaɗa.

Malam ya bar ni na ɗan jima, sa'an nan ya zare tabaransa, domin shi ma ba zai iya sauka dutse babu shi ba. Komai ya koma ya dame. Muka gangaro, ina bin sawun na gabana kamar yadda na saba. Ban ba ɗan soja haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Da yamma Malam ya zo har zaurenmu ya yi wa Baba bayani, ya ce akwai asibitin ido a Kano inda ake auna mutum a ba shi nasa. Baba ya saurare shi da ladabi, ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo ya ce tabarau na tsofaffi ne da ma'aikatan hukumar En'e, yaro ƙarami in ya sa sai a ce ya raina mutane. Ya ɗebo mini kwalli mai kyau daga cikin kayansa ya ce in riƙa sawa safe da yamma. Sai da aka ƙara shekara tara kafin na sa tabaran kaina.

Wani zai zaci bayan wannan na haƙura da littafin. Sai ma na ƙara ƙwallafa rai a kansa. Na ga in shi ma ya kuɓuce mini, to ba ni da komai ke nan a ajin. Sauran Alhamis ɗin da suka rage na zo da shiri, na tatsi Kaka kalmomi har ta ce na ishe ta. Abu ɗaya ne ya sauya: in aka zo inda mai gadi ya hango wani abu, sai in sunkuyar da kai in bar wani ya faɗa. Ɗan soja ma ya rage magana. In Malam ya kira shi sai ya amsa a gajarce ya zauna, ni kuma in ji haushin hakan fiye da lokacin da yake zuba.

Ranar sallama aka share gindin maɗaci, aka fito da benci. Malam ya yi mana nasiha, ya yafe mana muka yafe masa, sa'an nan ya ɗauko littafin. Ya ce mutum biyu ne suka cancanta, kowa ya san su, ya daɗe yana tunani. Ya kira ni. Da na durƙusa na karɓa, sai ya ɗaga kai wajen bencin baya.

"Ɗan soja, kada ka ji komi," ya ce. "Kai duk inda kat tahi kana da abin karantawa. Littahi abin kusa na, a bar ma wanga shi."

Da alheri ya faɗa, na sani. Amma ni abin da na ji shi ne an ba ni sadaka. Wata huɗu ina mafarkin wannan rana, ina shirya yadda zan taka in koma bencina, ga shi ta zo ina jin littafin a hannuna kamar kwanon da aka miƙo wa marar lafiya. Aka yi tafi. Na ɗan soja ya fi na kowa ƙarfi, kuma har zuciyarsa yake yi, na san sautin tafin ƙarya domin ni gwaninsa ne.

Da aka tashi muka kama hanya tare kamar da, shi a dama ni a hagu, littafin a hammatata. Muka yi ta tafiya har muka kusa mararrabar kasuwa. Nan ya tsaya cak yana duban wajen gonakin yamma. Fuskarsa ta washe, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ɗaga hannu zai nuna, ya juyo gare ni baki buɗe. Sai ya ga yadda na ƙanƙance ido ina laluben inda yake kallo. Ya sauke hannun a hankali ya sa a aljihu.

"Mi kag gani?" na ce.

"Ba komai."

Na ce ƙarya ne, ya gaya mini. Wannan karon kam ƙaryar yake yi, mu duka mun sani. Ya ce ba komai, mu tafi rana na yi. Na matsa masa, na riƙe masa riga, har na ce zan ba shi aron littafin in ya faɗa. Ya girgiza kai yana murmushi, ya zare rigarsa, ya ce sai gobe, ya kama hanyar gindin dutse. Bayan shekara uku ya shiga soja kamar ubansa, ba mu sake zama wuri ɗaya ba balle in sake tambaya. Na yafe wa Baba kwallinsa, na yafe wa Malam maganarsa, amma wannan kirki na ɗan soja har yau yana ci mini rai.

Bayan ya tafi na tsaya a mararrabar ni kaɗai, na kare rana da littafin, na ƙura ido wajen gonakin har hawaye suka zubo mini don yaji. Kore ne kawai da ɗan ja-ja, da wani abu a tsakiya yana motsi.